Tantance Ayyukan Ƙungiyoyi Masu Zaman Kansu: Bayani Ga Jama'ar Gwarzo Da Kabo Game Da Masu Zuwa Yin Tambayoyi

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa a yau ba baƙon abu ba ne a garuruwa da ƙauyukanmu a ga baƙi sun sauka a ƙofar gidan dagaci ko mai unguwa, suna riƙe da takardu ko wayar hannu, suna neman izinin shiga gidaje domin yin tambayoyi. Wani lokaci a tambayi magidanci yawan buhunan da ya noma bara, wani lokaci a tambayi uwargida inda ta haifi ɗanta na ƙarshe, ko kuma yawan 'ya'yanta da ke zuwa makaranta. Da yawa daga cikin jama'a sukan ɗauki wannan a matsayin rubuta sunayen waɗanda za a raba wa kuɗi, wasu kuwa sukan yi zaton wata hanya ce ta ɗora haraji.

Mun shirya wannan bayani ne domin mu fayyace wa jama'ar Ƙananan Hukumomin Gwarzo da Kabo, tare da shugabanninsu da jami'ansu, mene ne wannan aiki, yadda ake gudanar da shi bisa ƙa'ida, da kuma haƙƙin da kowa yake da shi a cikinsa. Abin da muke fatan mai karatu ya riƙe shi ne, amsar da aka bayar a zaure ko a tsakar gida ita ake tattarawa a yanke hukunci da ita a Kano ko Abuja ko ƙasashen waje. Da ita ake yanke shawarar a ci gaba da aiki ko a tsayar da shi, a gyara rijiya ko a bar ta a lalace.

Yankin da muke magana a kansa

Gwarzo da Kabo suna yammacin Jihar Kano, suna cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, kuma su biyun mazaɓar tarayya ɗaya suke. A ƙidayar shekarar 2006 an lissafa mutane kimanin dubu 184 a Gwarzo, da kimanin dubu 154 a Kabo, kuma babu shakka adadin ya ƙaru sosai daga wancan lokaci. Kowace daga cikinsu tana da mazaɓu 10. A Gwarzo akwai irin su Getso, Kutama, Lakwaya, Mainika da Madadi, a Kabo kuwa akwai irin su Garo, Gude, Godiya, Durun da Kanwa. Mafi yawan mutanen yankin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma ƙauyuka da yawa suna nesa da babbar hanyar da ta taso daga Kano zuwa Gwarzo.

Ƙungiyoyin da ba na gwamnati ba, waɗanda ba riba suke nema ba, sun daɗe suna aiki a Jihar Kano. Akwai namu na gida, wato ƙungiyoyin taimakon kai da kai da na raya gari. Akwai na ƙasa baki ɗaya irin su FOMWAN, wadda mata Musulmi suka kafa a shekarar 1985. Akwai kuma na ƙetare irin su Sasakawa, wadda ta fara aiki a Nijeriya a shekarar 1992, ta kuma yi aiki da malaman gona na hukumar KNARDA wajen koya wa manoma dabarun noman masara da alkama ta hanyar gonakin gwaji. Dukkan irin waɗannan ƙungiyoyi da dukiyar wasu suke aiki, ko ta 'yan ƙungiya ko ta masu ba da tallafi, saboda haka wajibi ne su nuna abin da dukiyar ta haifar.

Bambancin bin diddigi da tantancewa

Abubuwa biyu ne ake yawan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne bin diddigi, wato sa ido a kan aiki yayin da ake cikin yin sa: rijiyoyin burtsatse nawa aka haƙa a wannan wata, manoma nawa suka karɓi iri, mata nawa suka halarci horo. Ma'aikatan ƙungiyar da kansu ne suke yin wannan, kullum ko wata-wata.

Na biyu shi ne tantancewa, wato tsayawa a wani lokaci a auna ko aikin ya canza rayuwar mutane. Mai bin diddigi zai rubuta cewa an haƙa rijiya. Mai tantancewa zai tambaya ko rijiyar tana ba da ruwa a watan Afrilu lokacin da zafi ya tsananta, ko yara sun daina tafiya rafi ɗebo ruwa, da kuma wanda zai sayi kayan gyara idan famfon ya lalace. Galibi akan ɗauko mutanen da ba ma'aikatan ƙungiyar ba su yi wannan aiki, domin mutum ba ya zama alƙalin kansa.

Tun daga shekarar 1991 ƙasashe masu ba da tallafi da ke cikin ƙungiyar OECD, mai hedkwata a birnin Faris, suka amince da ƙa'idojin tantance ayyukan raya ƙasa, waɗanda aka san su da ma'aunai biyar. Su ne: ko aikin ya dace da buƙatar mutanen wurin, ko ya cim ma abin da aka ce zai cim ma, ko an kashe kuɗi da lokaci yadda ya kamata, wane sauyi ya kawo mai kyau ko maras kyau, da kuma ko amfaninsa zai ɗore bayan ƙungiyar ta tafi. A shekarar 2019 aka ƙara na shida, wato ko aikin ya tafi daidai da sauran ayyukan da gwamnati da wasu ƙungiyoyi suke yi a wurin. Mafi yawan tambayoyin da za a yi wa mutum a ƙauyensa daga waɗannan ma'aunai suka samo asali.

Dalilin zuwa sau uku

Jama'a sukan yi ƙorafin cewa an zo an yi masu tambayoyi iri ɗaya har sau biyu ko uku. Dalili shi ne, tantancewa ta gaskiya tana da matakai. Akwai binciken farko, wanda ake yi kafin a fara aiki domin a san halin da ake ciki. Akwai na tsakiya, wanda ake yi domin a gyara kurakurai tun da sauran lokaci. Sai kuma na ƙarshe, bayan an kammala. Idan ba a yi na farko ba, babu abin da za a gwada na ƙarshe da shi.

Haka kuma akan yi hira da mutanen da ba su amfana da aikin ba, abin da yakan ɗaure wa wasu kai. Bari mu kawo misali. A ce wani manomi yana samun buhu 8 na masara a gonarsa, bayan an koya masa sabuwar dabara sai ya sami buhu 12. Mai gaggawa zai ce shirin ya ƙara masa buhu 4. To amma idan maƙwabcinsa mai gona irin tasa, wanda bai shiga shirin ba, shi ma ya tashi daga buhu 8 zuwa 11 saboda damina ta yi albarka, ashe buhu ɗaya kacal shirin ya ƙara, sauran ukun na ruwan sama ne. Wannan shi ya sa amsar wanda bai karɓi komai ba take da daraja daidai da ta wanda ya karɓa.

Ire-iren hirar da ake yi

Hira iri uku aka fi yi. Akwai ta gida-gida, inda ake karanta wa kowa tambayoyi iri ɗaya daga takarda ko waya, a rubuta amsa. Akwai hira da masu ruwa da tsaki, wato dagaci, limami, shugaban makaranta, jami'in ɗakin shan magani, ungozoma ko sarkin noma, waɗanda akan zauna da su a tattauna a tsanake. Akwai kuma tattaunawar rukuni, inda akan tara mutum kamar 6 zuwa 12, maza daban, mata daban, matasa daban, domin kowa ya saki jiki ya faɗi ra'ayinsa. Ƙari a kan waɗannan, mai tantancewa nagari yakan je ya duba da idonsa, ya taɓa famfo, ya buɗe rajistar asibiti, ya ƙirga ɗaliban da ke cikin aji, domin gani ya kori ji.

Ba kowane gida ake shiga ba, kuma wannan ba wariya ba ce. Mai sayen hatsi a kasuwar Getso ba ya zazzage buhu gaba ɗaya kafin ya san ingancinsa. Yakan ɗiba daga baki da tsakiya da gindi, ya duba. Idan daga baki kawai ya ɗiba, wanda ya zuba mai kyau a sama ya cuce shi. Haka masu bincike suke zaɓen gidaje ta hanyar ƙuri'a, ko ta tsallake adadin gidaje da aka ƙayyade, yadda gidan mai hali da na talaka, na tsakiyar gari da na bayan gari, kowanne zai iya faɗowa. Duk wanda ya sa baki ya canza gidan da ƙuri'a ta nuna ya lalata aikin, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Darasi daga yaƙi da cutar shan inna

Jama'ar Gwarzo da Kabo sun ga amfanin wannan tsari da idonsu a lokacin yaƙi da cutar shan inna, wato foliyo. An dakatar da rigakafin a Jihar Kano a shekarar 2003 saboda shakkun da aka yi a kan maganin, aka kuma dawo da shi a watan Yuli na 2004. A shekarun da suka biyo baya gwamnati ta yi aiki tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da ƙungiyar Rotary, sa'annan a shekarar 2012 ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates domin ƙarfafa rigakafin yau da kullum.

Wata matsala da aka fuskanta ita ce, rahotannin da ma'aikata suke kawowa sukan nuna an ɗiga wa kusan dukkan yara magani, alhali cutar tana ci gaba da ɓulla. Sai aka ƙarfafa tsarin tura masu dubawa na daban bayan kowane zagaye. A ƙaramar hukumar da aka duba akan zaɓi wurare 6 ta hanyar ƙuri'a, a duba yara 10 a kowane wuri, jimla 60, a ga ko akwai alamar tawada a ƙaramin yatsansu na hagu. Idan marasa alamar sun wuce adadin da aka ƙayyade, sai a ce aikin bai yi ba, a koma. Haka kuma akan tambayi iyaye dalilin da ya sa aka rasa yaro: ko ma'aikata ba su zo ba, ko yaron yana gona ko kasuwa, ko kuma maigida ne ya hana. Kowace amsa da maganinta, kuma daga irin waɗannan amsoshi aka gane cewa wasu iyaye suna ƙin rigakafin ne saboda ba a kula da sauran cututtukan da suke damun su, abin da ya sa aka riƙa kafa sansanonin duba marasa lafiya tare da rigakafin.

An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Jihar Kano a watan Yuli na 2014, a Ƙaramar Hukumar Sumaila, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Da a ce an ci gaba da dogara da rahoton da ke faranta rai, da wuya a kai ga wannan nasara.

Inda ake samun kuskure

Kuskure yakan fito daga ɓangarori biyu. Daga ɓangaren masu bincike, wani masani ɗan Ingila mai suna Robert Chambers ya yi bayani a wani littafi da ya wallafa a shekarar 1983 cewa baƙin da ke ziyartar karkara sukan tsaya a bakin titi, su zo da rani lokacin da hanya take da kyau, su gana da maza da masu faɗa a ji, su koma suna zaton sun ga komai. Wannan ya yi daidai da yanayinmu. Wanda ya zo a watan Disamba, rumbuna cike, ba zai san halin da ake shiga a watan Agusta ba, lokacin da hatsi ya ƙare, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ruwa kuma ya yanke hanyar wasu ƙauyuka. Har ila yau akwai tambayar da take ɗauke da amsarta, kamar a ce wa mutum, ai ka ji daɗin wannan shiri ko? Ɗan Hausa mai kunya da kara ba zai ce wa baƙo a'a ba. Akwai kuma ma'aikacin da zai zauna a gindin bishiya ya cike takardu da kansa, wanda wannan cin amana ne.

Daga ɓangaren jama'a kuwa, kuskuren iri biyu ne. Wani yakan ɓoye abin da yake da shi, ya ce ba shi da akuya ko ɗaya, domin yana fatan a sa sunansa a tallafi. Wani kuma yakan yabi aikin da bai yi amfani ba, domin kada ya kunyata baƙo ko shugaba. Duka biyun gari suke cutarwa. Idan kowa ya ce rijiya lafiya lau take alhali ta yi wata shida ba ta aiki, za a rubuta cewa an gama da matsalar ruwa a garin, a kai kuɗin gyara wani wuri. Idan kuma manoma suka rage yawan amfanin da suka samu, za a ce shirin bai yi nasara ba, a rufe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin kafin a toshe.

Haƙƙin wanda ake yi wa tambaya

Batun neman yardar mutum kafin a yi bincike a kansa ba sabon abu ba ne ga mutanen Kano. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a birnin Kano, a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu. An daɗe ana shari'a a kan ko an yi wa iyaye cikakken bayani, kamfanin ya musanta aikata laifi, kuma a shekarar 2009 aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. A shekarar 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, sa'annan a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a. Hira ba gwajin magani ba ce, amma tushen ƙa'idar ɗaya ne: ba a ɗaukar komai daga mutum, ko da magana ce, sai da saninsa da yardarsa.

Saboda haka duk wanda aka zo wa yana da haƙƙin a gaya masa, da harshen da yake ji, sunan ƙungiyar, dalilin binciken, tsawon lokacin da hirar za ta ɗauka, da abin da za a yi da amsoshinsa. Yana da ikon ƙin amsa wata tambaya, ko ya dakatar da hirar, ba tare da an cire shi daga wani shiri ba. Ba a ɗaukar hotonsa ko muryarsa sai ya amince. Ba a hira da yaro sai da izinin iyayensa. Ya dace mace ce za ta shiga cikin gida ta yi hira da mata, bayan an yi sallama da maigida, a kuma ba su wuri su yi magana ba tare da wani yana tsaye a kansu ba, musamman a kan abin da ya shafi ciki da haihuwa.

Muna kuma jan hankalin jama'a cewa mai bincike na gaskiya ba ya karɓar kuɗin fom, ba ya yin alkawarin tallafi, kuma ba ya tambayar lambar sirri ta katin cirar kuɗi ko lambar da banki ya turo a waya. Wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan a kai rahotonsa ga mai unguwa ko jami'an tsaro nan take. Lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa kuwa, kada a bayar da su sai an tabbatar daga ƙaramar hukuma cewa aikin na hukuma ne.

Nauyin da ke kan shugabanni da jami'ai

Hakimai, dagatai, masu unguwanni, kansiloli da shugabannin sassa na ƙananan hukumomi su ne ƙofar shiga gari, don haka nauyinsu ya fi na kowa. Abu na farko shi ne tabbatar da baƙi: a nemi katin shaida da takardar gabatarwa, a kuma tuntuɓi sashen da abin ya shafa a sakatariyar Gwarzo ko ta Kabo, ko na lafiya, ko na gona, ko na ilimi. Manyan ƙungiyoyi suna da rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta shekarar 2020, kuma babu laifi a nemi ganin shaidar rajistar.

Abu na biyu shi ne, bayan an tabbatar da su, a bar su su yi aikinsu. Kada a zaɓa masu gidajen 'yan uwa da magoya baya, kada a koya wa mutane amsar da za su bayar, kada a ari ɗalibai ko kujeru daga wata makaranta domin ranar ziyara. Ya kamata a nuna masu hanyar ƙauyukan da ke nesa da titi da rugagen Fulani, a kuma tuna masu da tsofaffi, zawarawa da masu buƙata ta musamman. Rahoton da ya nuna gazawa ba tozarta shugaba ba ne, hujja ce da zai riƙe ya nemi gyara da ita.

Abu na uku shi ne neman sakamako. Ya kamata tun ranar farko a tambayi ƙungiyar yaushe za ta dawo ta faɗa wa jama'a abin da ta gano, a kuma nemi kwafin rahoto, tare da taƙaitawa da Hausa, a ajiye a ƙaramar hukuma. Kwamitocin raya mazaɓu da kwamitocin kula da makarantu za su iya amfani da shi wajen tsara buƙatunsu, kuma zai rage maimaita tambayoyin da aka riga aka amsa.

Ɗaukar matasan yanki aikin tambayoyi

Sau da yawa ƙungiyoyi sukan ɗauki matasan yanki aikin wucin gadi na tattara bayanai, bayan an yi masu ganawa. Ganawa ta adalci ita ce wadda aka sanar da ita a fili, aka kafa kwamitin da ya wuce mutum ɗaya, aka yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, aka rubuta maki, aka kuma gwada mai nema ya karanta tambaya da Hausa mai kyau ya rubuta amsa daidai. Ba a biyan kuɗi domin a sami irin wannan aiki. Muna roƙon shugabanni da su guji cusa wanda bai cancanta ba, domin kuskurensa a kan garinsu zai faɗa. Muna kuma ƙarfafa wa 'yan mata da matan aure da suka yi karatu gwiwa su nema, tun da su ne za su iya shiga inda maza ba sa shiga. Wanda aka ɗauka ya sani cewa sirrin gidajen mutane amana ce a hannunsa, ba abin hira a majalisa ba.

Kammalawa

Ƙungiyoyinmu na gida ma za su iya amfani da wannan tsari ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Kafin ƙungiyar raya gari ta fara gyaran makaranta ko rijiya, ta rubuta halin da ake ciki a littafi, da kwanan wata. Bayan shekara guda ta wakilta mutum biyu ko uku da ba su riƙe kuɗin aikin ba, su zagaya su tambayi maza da mata, su karanta abin da suka samo a gaban taron gari.

Muna kira ga jama'ar Gwarzo da Kabo da su karɓi masu bincike na gaskiya da mutunci kamar yadda aka san su da shi, su tambaye su ko su wane ne, su faɗa masu gaskiya ba ƙari ba ragi, sa'annan su nemi a dawo masu da sakamako. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya albarkaci noma da kiwonmu, Ya zaunar da Jihar Kano da Nijeriya lafiya, amin.